A bar alƙali da ƙidayarshi



Yau faɗa na zo yi, amma na baki. Kuma da ku zan yi shi, ku masu son kallon dambe, don ni ma ɗayanku ne.

Ga mafarin zancen. Wani dare muna zaune wajen mai shayi, an kunna tele, ana nuna damben Turawa, wanda ake sa safar hannu a yi bisa dakali mai igiyoyi. Wani saurayi ya sha naushi a haɓa, ya zube. Alƙalin wasa ya duƙa yana ƙirga mishi. Kafin ya kai 7, saurayin ya miƙe. Alƙali ya dubi idonshi, ya yi mishi magana, sai ya rungume shi, ya kaɗa hannu sama. Wasa ya ƙare.

Nan wuri ya kaure da hayaniya. Wani ya ce: "An saye shi!" Wani ya ce: "Ai bai kai goma ba!" Wani dattijo da nake ganin girmanshi ya ce: "Mutum na tsaye da ƙafafunshi, a ce an gama da shi? Wanga alƙali matsoraci ne."

Ban tanka ba a daren, don ba a ja-in-ja da dattijo gaban yara. Amma maganar ta kwana cikina, ta tashi da ni. To ga amsata. Alƙalin nan ya yi daidai. Ƙidayar da yake yi, don ran wanda ya faɗi yake yin ta. Alƙalin da ya tsaida wasa da wuri ya hana mu daɗin kallo na dare guda. Wanda ya makara kuwa yana iya sa wata uwa kuka har ƙarshen ranta.

Zargi uku ƴan kallo ke yi ma alƙalai. Bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Zargi na farko: "Ai bai faɗi ba!"

Mu fara da tambaya. Mi ake kira faɗuwa?

Da yawa cikinmu na tsammanin faɗuwa ita ce mutum ya kwanta shame-shame, bayanshi a ƙasa. A dokar dambe abin ya fi haka faɗi. Doka ta ce tafin ƙafa kaɗai ke da izinin taɓa ƙasa. In an naushi mutum, wani wuri na jikinshi ya taɓa ƙasa, to ya faɗi. Gwiwa guda ta isa. Hannu guda ya isa. Ko bakin safar hannu ne ya shafi ƙasa, ya ɗauke nan take, ya faɗi ke nan, sai an ƙirga mishi.

Amma akwai sharaɗi. Sai in naushin halal ne ya kai shi ƙasa. Naushin halal shi ne wanda ya sauka a fuska, ko a gefen kai, ko a gaban jiki daga ɗamara zuwa sama. In santsi ya kwashe mutum don ruwa ko zufa sun jiƙa wurin, ba a ƙirgawa. In an ture shi, ko ƙafa ta harɗe da ƙafa, ba a ƙirgawa. In an buge shi a ƙeya ko ƙasa da ɗamara, laifin mai bugu ne. In santsi ne ko turi, alƙali na kaɗa hannuwa don kowa ya gani, ya goge safar wanda ya faɗi a jikin rigarshi, kada datti ya shiga idon abokin karawa, sannan ya ce a ci gaba.

Mutum guda ke rarrabe wanga da wancan, kuma cikin ƙiftawar ido. Abin ba ƙarami ba ne. A bakin dakali akwai wasu alƙalai uku zaune, suna rubuta maki. Wanda ya ci turmi ana ba shi 10, ɗayan a ba shi 9. In kuwa an kada shi cikin turmin, galibi sai ya koma 8. Maki guda na iya raba mutum da kambinshi.

Akwai kuma wata faɗuwa wadda ba a taɓa ƙasa. In naushi ya kwashe mutum, igiya ce kaɗai ta tare shi, da babu ita da ya zube, alƙali na da ikon ya ce ya faɗi. Wagga doka tsohuwa ce. Tun shekarar 1867 anka buga dokokin damben zamani a Ingila, waɗanda ake kira dokokin Queensberry. Su sunka kawo safar hannu, da turmi na minti 3, da hutu na minti 1, da ƙidayar 10. Cikinsu an ce wanda ya sa gwiwa guda ƙasa ya faɗi. An ce kuma wanda ke rataye bisa igiya, ba ya iya kare kanshi, a ɗauke shi kamar wanda ya faɗi.

Don mi anka sa wagga doka? Ku ji abin da kan faru in ba a kula da ita ba.

Ran 24 ga watan Maris 1962, a birnin Niyok na Amurka, Benny Paret, ɗan ƙasar Kuba, ya kara da Emile Griffith. A turmi na 12 Griffith ya matse shi a kusurwa. Naushi ya gigita Paret, ya kasa kare kanshi, amma bai kai ƙasa ba, don igiyoyi sun riƙe shi. Griffith ya yi ta zuba mishi naushi, babu ramuwa. Kafin alƙali ya shiga tsakani, aikin gama ya gama. Paret ya sulale ƙasa, bai sake farfaɗowa ba. Bayan kwana 10 ya rasu a gidan likita. Shekararshi 25. Ya bar mata da ƙaramin ɗa.

Ku masu cewa "ai yana tsaye", to Paret ma tsaye yake. Da ya zube tun naushin farko, da an ƙirga mishi, wataƙila da ya ga jikokinshi. Igiyar da ta hana shi faɗuwa, ita ta ba da shi.

Zargi na biyu: "Ya ja ƙidaya!"

Wanga zargi kishiyar na farko ne. In naku ne ya kada mutum, sai ku ce alƙali ya yi nawa wajen ƙirgawa. In naku ne a ƙasa, sai ku ce ya yi sauri. To ku san yadda aikin yake tafiya.

Dakalin dambe na da kusurwa huɗu. Ja ta ɗan dambe guda ce, shuɗiya ta ɗayan, farare biyu ba na kowa ba ne. Da mutum ya faɗi, aikin alƙali na farko shi ne ya shiga tsakani, ya kora mai bugu zuwa farar kusurwa mai nisa. Lokacin nan akwai mai agogo a bakin dakali, wanda ya riga ya fara ƙirgawa. In alƙali ya juyo, sai ya karɓi ƙidaya daga inda mai agogo ya kai. Yana faɗi da ƙarfi, yana nunawa da yatsu gaban idon wanda ya faɗi, don ko kunne bai ji ba ido ya gani. In mai bugu ya baro kusurwa, alƙali na dakatar da ƙidaya har sai ya koma.

Dokar kusurwa ma da dalilinta. A da, mai bugu na tsayawa bisa kan wanda ya faɗi, da ya ɗago sai ya ƙara mishi. Haka Jack Dempsey na Amurka ya yi ma Jess Willard a 1919, ya kada shi sau 7 cikin turmi na farko. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Ran 22 ga watan Satumba 1927, a birnin Shikago, gaban mutane fiye da 100,000, Dempsey ya kara da Gene Tunney. A turmi na 7 ya kada Tunney. Alƙali ya nuna mishi farar kusurwa, shi kuwa ya tsaya nan kusa, bisa tsohon halinshi. Alƙali ya ƙi fara ƙirgawa sai da ya tafi. Tunney ya miƙe a 9. Masu agogo sunka ce ya yi kamar sakan 14 a ƙasa. Daga baya shi ya ci wasan da maki.

An yi shekaru ana zagin alƙalin nan. Amma ku gaya mini, wa ya ba Tunney ƙarin lokacin? Dempsey ne da kanshi. Wanda bai ji bari ba, ya ji hoho.

Irin wagga gardama ta sake tashi ran 11 ga watan Fabrairu 1990 a Tokiyo, ƙasar Japan. Maik Taisan, wanda ba a taɓa cin shi ba a lokacin, ya kada Buster Douglas a ƙarshen turmi na 8. Douglas ya tashi a 9. A turmi na 10 shi ya kada Taisan, Taisan bai tsira daga ƙidaya ba. Mutanen Taisan sunka kai ƙara. Sunka ce in an bi agogo, Douglas ya wuce sakan 10 a ƙasa. An yi ƴan kwanaki ana kai da kawo, daga bisani anka bar ma Douglas kambinshi.

Hukuncin nan daidai ne, ga kuma dalili. Ana son kowace ƙidaya ta yi kusan sakan guda, amma bakin mutum ba agogo ba ne. Wanda ke ƙasa kuma ba shi da agogo a hannu. Bakin alƙali yake saurare, yatsunshi yake kallo. In ya ji 6, ya san da sauran lokaci. Ɗan dambe mai wayo ba ya zabura ya tashi a 2. Yana zama bisa gwiwa, ya maida numfashi, sai ya ji 8 ya miƙe. Wanda ya kalli hoton wasan zai ga Douglas ya bugi ƙasa da hannu don haushi, yana bin ƙidayar alƙali. Da alƙali ya yi sauri, da shi ma ya yi saurin tashi. Ba a ce ma mutum "tashi kafin in ce 10", ya tashi a 9, sannan a fito da agogo daga aljihu a ce ya makara.

Kun san tiya a kasuwar hatsi. Wata ta ɗara wata kaɗan. Amma in mai saye da mai sayarwa sun yarda da tiya guda, ciniki ya halatta. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne a auna ma wani da babba, a auna ma wani da ƙarama. Haka ƙidayar alƙali take. Abin da za ku nema gare shi ke nan: tiya guda ga kowa.

Zargi na uku: "Ai ya tashi, don mi za a tsaida?"

Wanga shi ne zargin dattijona, kuma shi ya fi haɗari.

Ku fara sanin wani abu. Ko mutum ya tashi a 2, alƙali ba ya sakin wasa sai ya ƙirga har 8. Dole ce. Ba don jinkiri anka sa ta ba. Lokacin dubawa ne. Alƙali na duban ido: yana bin yatsu, ko ya kafe wuri guda? Yana duban ƙafa: ta tsaya, ko tana rawa? Yana cewa a ɗaga hannu. Yana tambaya, yana son amsa. Wani ma yana cewa: tako zuwa gare ni. In bai gamsu ba, yana da cikakken iko ya tsaida wasa, ko da mutum na tsaye. Tashi kafin 10 na hana a ce an ƙirga ka har ƙarshe. Amma ba ya tilasta alƙali ya maida ka bakin naushi.

Don mi? Don abin da ke faruwa cikin kai, ɗan kallo ba ya ganin shi. Ƙwaƙwalwa abu ne mai taushi, tana zaune cikin ƙoƙon kai, ruwa kaɗan kewaye da ita. Ku ɗauki gora, ku jefa curin fura ciki da ɗan ruwa, ku girgiza da ƙarfi. Curin zai bugi wannan gefe, ya koma ya bugi wancan. Haka ƙwaƙwalwa ke yi in naushi ya juya kai farat ɗaya. Shi ya sa bugun haɓa ke yanke ƙafafu. Wani lokaci kuma ƙananan jijiyoyin jini na tsinkewa. Jini ya riƙa taruwa cikin kai sannu-sannu, yana danne ƙwaƙwalwa. Mutum na iya miƙewa, har ya yi magana, alhali ajali na cikin kanshi. Kuma ƙwaƙwalwar da ta girgiza yanzu, in an ƙara mata wani bugu, ɓarnar ta fi ta farko.

Ran 13 ga watan Nuwamba 1982, a Las Begas ta Amurka, Kim Duk-koo na Koriya ta Kudu ya kara da Ray Mancini. A farkon turmi na 14 anka kada Kim. Ya kama igiya, ya ja jikinshi, ya miƙe. Alƙali ya dube shi, ya tsaida wasa. Bayan ƴan mintoci Kim ya suma. Likitoci sunka samu jini ya taru cikin kanshi, sunka yi mishi aiki, amma bayan ƴan kwanaki ya rasu. Kun gani? Ya tashi. Ƙarfin zuciya ne ya tashe shi, jiki kuwa ya riga ya tafi. Bayan mutuwarshi ne anka fara rage turmin wasan kambi daga 15 zuwa 12, kuma haka yake har yau.

Ga wani labari da har yanzu ake gardama bisa kanshi. Ran 17 ga watan Maris 1990, a Las Begas ɗin dai, Meldrick Taylor na Amurka ya kara da Julio Cesar Chavez na Meziko. Alƙalan maki biyu cikin uku sun sa Taylor gaba. In ya kai ƙarshe a tsaye, ya ci. Ana saura ƴan sakan kaɗan a tashi daga turmi na 12, Chavez ya kada shi. Taylor ya miƙe yana riƙe da igiya. Alƙali Richard Steele ya ƙirga 8, ya tambaye shi sau biyu ko lafiya. Taylor bai ba shi amsa ba. Steele ya tsaida wasa. Sakan 2 kacal sunka rage.

Duniya ta yi caa. Sakan 2! Ina laifin a bari? Steele ya ce shi ba mai agogo ba ne, mutum yake dubawa. Da anka kai Taylor gidan likita, an samu ƙashin gefen idonshi ya karye, ya kuma haɗiyi jini mai yawa.

Ni ina bayan Steele. Ku ce naushi guda bai kai sakan 2 ba? Ku gwada, ku ga hannu nawa ake kaiwa kafin a ce ɗaya, biyu. Kuma in an ce alƙali ya riƙa duban agogo da takardar maki kafin ya ceci mutum, to an ce mishi ke nan ran wanda ke gaba da maki ya fi arha. Doka guda ce a turmi na 1 da turmi na 12: an tambaye ka, ba ka amsa ba, an gama.

Kada ku ce alƙalai tsaidawa kaɗai sunka iya. Ran 1 ga watan Disamba 2018, a Los Anjalis, Deontay Wilder ya kada Fury, ɗan Ingila, a turmi na 12. Fury ya kwanta rigingine kamar gawa. Kowa ya ce an gama. Alƙali Jack Reiss bai yi gaggawa ba. Ya duƙa, ya dubi fuskarshi, ya ci gaba da ƙirgawa. Fury ya miƙe kafin 10. Reiss ya yi mishi magana, ya amsa. Ya sa shi ya taka zuwa gefe ya dawo, ya taka daidai. Sai ya saki wasa, anka tashi kunnen doki. Taylor ya tashi da wuri, an tsaida. Fury ya tashi a makare, an bari. Ba son kai ba ne. Ɗaya ya amsa, ɗaya bai amsa ba.

To, alƙalai ba su kuskure?

Suna yi ƙwarai. Ba zan ɓoye muku ba.

Ran 24 ga watan Maris 1975 Muhammadu Ali ya kara da Chuck Wepner. A turmi na 9 Wepner ya naushe shi a haƙarƙari, Ali ya faɗi, alƙali ya ƙirga mishi. Daga baya hotuna sunka nuna ƙafar Wepner na bisa ƙafar Ali lokacin. Ali dai ya tashi, ya ci wasan a turmi na 15. Alƙalin Shikago ma da na kare ɗazu, yana da nashi laifi. A turmi na 8, da Tunney ya kada Dempsey, ya fara ƙirgawa nan take, bai jira Tunney ya tafi kusurwa ba. Nan ya canza tiya, kuma nan ya cancanci zargi.

Maganin irin wanga kuskure shi ne horo, da sa ido, da hukunta alƙalin da ya nuna son kai. A wasu wurare yanzu ana maida hoton wasa a duba ko naushi ne ko santsi. Wannan duk daidai ne.

Amma ku auna kuskure biyu. Alƙali ya tsaida da wuri: ɗan dambe ya yi fushi, ya yi asarar kuɗi, ya koma gida ya ci tuwo. Ana iya sake haɗa wasan. Taylor ya sake karawa da Chavez a 1994. Alƙali ya makara: wa zai sake haɗa ma Paret wasa? Kuskuren farko na da gyara. Na biyu sai kabari. Ihun ƴan kallo kuwa kullum wajen na biyu yake tura alƙali. Nan ne laifinmu yake. Duk lokacin da munka zagi alƙali don ya tsaida, muna koya ma na gobe ya ji tsoron tsaidawa.

Kuma wa ya ce faɗuwa ko tsaidawa abin kunya ne? A 1971 Jo Fireza ya kada Muhammadu Ali a turmi na 15, ya ci wasan. Ali ya dawo ya ci shi sau biyu. A karonsu na uku, a Manila cikin 1975, mai horar da Fireza ne da kanshi ya hana shi fita turmi na 15, don idonshi ya kumbura, ba ya ganin hannu. Har yau babu mai ce ma Fireza matsoraci. Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne.

Mu dubi gida

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne mu Hausawa ne ke wanga zargi. Ku tuna damben gargajiya, na kalangu da ɗaurin zare. Da hannu ko gwiwa ya taɓa ƙasa, sai a ce an kashe shi, wasa ya ƙare. Babu 8, babu 10, babu "bari ya huta ya dawo". A kokowa ma faɗuwa guda ta isa. Ashe kakanninmu sun fi Turawa saurin tsaidawa. Sun sa kisa a baki, kuma a ganina hakan ya rage shi a jiki. Wanda anka kashe yau na tashi ya kakkaɓe ƙura, ya dawo baɗi. To in mun yarda da wannan a fagen garinmu, don mi za mu zagi alƙalin da ya ba mutum har 8 kafin ya yanke hukunci?

Damben zamani ma ba baƙonmu ba ne. Lambar farko da Nijar ta samu a wasannin Olamfik, ɗan dambe ne ya kawo ta: Isaka Dabore, lambar tagulla, a birnin Munik na Jamus cikin 1972. A damben Olamfik doka ta fi tsanani. Alƙali na iya ƙirga ma mutum 8 yana tsaye, in ya ga naushi ya gigita shi. In an ƙirga mishi sau uku cikin turmi guda, wasa ya ƙare. Wanda anka sumar kuma ana hana shi dambe na kwana 30 aƙalla.

Wagga doka ta hutu ita ce nake so mu ara. Bayan kaka samari na bin garuruwa suna dambe. A buge yaro yau har ya ga taurari, gobe ya ɗaure hannu a wani gari, don kada a ce ya ji tsoro. Ku sani, Paret ma wata uku da rabi kafin karonshi na ƙarshe da Griffith ya sha mugun bugu hannun Gene Fullmer. Kai ba ya warkewa da kirari.

Ga abin da nake roƙon ku

Na ɗaya. In kun ga alƙali ya tsaida wasa, kafin ku buɗe baki ku tuna ku daga nesa kuke kallo. Shi kuwa taki guda ne tsakaninshi da idon yaron.

Na biyu. In ana dambe garinku, ku ba mai rabawa girmanshi. In ya raba, an raba. Kada makaɗa da masu kari su zuga yaron da ƙafarshi ke rawa.

Na uku. In ɗanku ko ƙanenku ya sha bugu a kai, a dambe ne, ko faɗuwa daga babur, ko harbin jaki, ku sa mishi ido dare da rana. In yana amai, ko ciwon kai na ƙaruwa, ko barci ya yi mishi nauyi har tashinshi na wuya, ko maganarshi ta rikice, ko hannu ko ƙafa sun yi sanyi, ko baƙin ido guda ya fi ɗayan girma, ku kai shi gidan likita nan take. Kada ku jira gari ya waye. Kada ku ce ai ya tashi da ƙafarshi.

Na huɗu. Wanda ya suma ko ya gigice, a kwance mishi zare. Wata guda aƙalla, kuma sai likita ya duba shi.

Baba, kai da ka ce alƙali matsoraci ne, ka gafarce ni. Na yarda yana jin tsoro. Tsoron ya ga an ɗauki ɗan mutane bisa makara yake ji. In jikanka ne bisa dakalin nan, riƙe da igiya, an tambaye shi bai amsa ba, wane alƙali za ka so a sa mishi?

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.